Gwiwar Tsohuwa Da Ƙullin Kemis: A Daina Kiran Komai Sanyi

A wata guda na ga masu ciwon gwiwa huɗu da ke shan ƙullin kemis, duk daga yankin Birnin Gwari. Ta ƙarshen dattijuwa ce daga wajen Kuyello, ɗanta ya riƙo ta. Fuskarta ta yi tulu, ƙafafu sun sirance, fatar hannu ta yi laushi kamar ledar da ta sha rana. Na ce, "Inna, me ke damunki?" Ta ce sanyi. Na ce me kike sha? Sai ɗan ya kwance leda: ƙulli-ƙulli na ƙwayoyi, fari da ja da ruwan ɗorawa, babu suna, babu kwali. Shekara uku tana shan ƙulli ɗaya safe da yamma. Har murna suke wai ta yi ƙiba.

Wannan kalmar ta sanyi ta ishe ni. Ciwon mara sanyi, ƙaiƙayi sanyi, rashin haihuwa sanyi, gwiwa ma sanyi. Da an sa wa cuta wannan suna, shi ke nan an miƙa ta ga mai lasifika a kasuwa, wanda jarka ɗaya tasa ke maganin cuta arba'in. Abin da ke gwiwar Inna amosanin gaɓɓai ne, irin na zaizayewar guringuntsi. Wannan farin abu mai santsi da kuke gani a kan ƙashin rago idan an fasa gaɓa, shi ne ya sirance, ƙashi ya fara gogar ƙashi, gefensa ya yi tsiro. Ba ƙwayar cuta ba ce, don haka kafso ja da baƙi ba ya taɓa shi. Ba wankan rafi ne ya jawo shi ba, ba kwanan siminti ba, ba kuma jifa ba ne. Gaskiya ne wasu sun fi jin jiki da hunturu, amma hunturu tayar da ciwon yake yi, ba shi ya dasa shi ba.

Dalilansa sanannu ne: shekaru, nauyin jiki, tsohon targaɗe ko karaya, gado, da aikin durƙuso da ɗaukar kaya. Macen da ta yi shekara arba'in tana ɗauko itace daga bakin dajin Kamuku, da manomin da ya ƙare ƙuruciyarsa a duƙe kan kunya, da mai shiga ramin zinariya, duk gwiwa na rubuta bashin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ke da shi a 2019, kashi 60 cikin ɗari mata ne.

Mu koma kan ƙullin nan, don shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da aka saba zubawa a ciki bai wuce diclofenac ko piroxicam ko ibuprofen ba, sau da yawa biyu a haɗe, sannan a jefa dexamethasone ko prednisolone. Na farkon suna kashe zafi, amma shansu kullum yana huda ciki, ya kawo gyambon ciki mai zubar da jini, ya tayar da hawan jini, ya gajiyar da ƙoda. Haɗa biyu ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa. Shi kuwa dexa shi ne mayaudarin. Ranar farko tsohuwa za ta miƙe ta yi shara, kowa ya ce mai kemis ya iya. Bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni, yanar ido ta fara, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Wannan ba ƙiba ba ce, alamar illa ce. Kuma ku ji da kyau: wanda ya daɗe yana shan dexa kada ya yanke shi rana ɗaya don ya karanta wannan. Jiki ya daina samar da nasa sinadarin, yankewar farat ɗaya na iya kayar da mutum har ta kai ga rasa rai. Likita ne zai rage shi a hankali. Na sake faɗa, a hankali, kuma a hannun likita.

Ban ɗora laifin duka kan iyalai ba. Shekarun da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, sama da kilomita 100, ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro, wa zai ɗauki tsohuwa ya bi ta saboda gwiwa? Kemis ne asibitin da ya rage. Dattawan da aka raba da ƙauyukansu suka dawo gari, ba gona ba kiwo, sai zama kan tabarma, naman cinya ya saki, ciwo ya ƙaru. Tun sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar kara, motoci na wucewa. To, ina masu gashin ƙashi a ƙananan asibitocinmu? Ina masu sa ido kan shagunan da ke zuba ƙwaya a leda kamar gyaɗa? Ana gina ɗaki a yi fenti, ba a kawo ma'aikaci ba.

Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa, kuma duk wanda ya ce zai dawo da shi da jiƙo ko allura, kuɗinku yake so. Amma ciwon na lafawa ƙwarai, kuma babban maganinsa motsi ne. Inna ta zauna kan kujera, ta miƙe ƙafa ɗaya sambal, ta ƙirga goma, ta sauke. Sau goma kowace ƙafa, safe da dare. Ta yi ɗan tattaki a fili mai daidai kullum. Zafi kaɗan a farko ba ɓarna ba ne. Mai ƙiba ya rage tuwo da lemon kwalba, kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Sanda ba abin kunya ba ce, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba gefen ƙafar mai ciwo ba. Tawul da ruwan ɗumi yana taimakawa, haka man diclofenac na shafawa, wanda bai kai ƙwayar illa ba. Tsaga da sakiya a kan gwiwa kuwa ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayar cuta.

'Ya'ya, ga naku aikin. Tsuguno a masai shi ne azabar da iyayenku ba za su faɗa muku ba. Kafinta zai huda kujerar katako a ɗora kan ramin, a kafa ƙarfen dafawa a bango. A ɗaga mata wurin kwana daga ƙasa. A samo kujerar salla, malamai sun daɗe da bayanin halaccin salla a zaune ga wanda tsayuwa ko sujada ta gagara. Kada kuma tausayi ya sa ku hana ta komai, ku bar ta ta tsince shinkafa, ta leƙa maƙwabta.

Idan gaɓa ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko sandarewar safe ta wuce awa guda a yatsun hannu biyu, ko matashi mai sikila yana ɗingishi da ƙugu, wannan wani abu ne daban, a tafi babban asibitin Birnin Gwari ranar. Wanda gwiwa ta hana shi barci da tafiya duk da bin shawarwarin da suka gabata, a nemi takardar turawa zuwa asibitin Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda ake canjin gwiwa. Bayan gida baƙi kamar kwalta ga mai shan ƙulli jini ne daga ciki, ba ya jiran gobe. Ku taho da ledar ƙwayoyin, mu ga abin da ke ciki.