Ƙurar ƙarfen da nake haɗawa tana dunƙulewa: a ina matsalar take?

Tambaya: Ni ɗan Darki ne, ina ajin ƙarshe a fannin kimiyyar sinadarai. Aikina na kammala karatu shi ne haɗa ƙananan ƙwayoyin ƙarfe masu bin maganaɗisu, irin waɗanda ake fatan su kai magani daidai inda ciwo yake. Ranar da na haɗa su baƙi ƙirin suke fitowa, amma bayan 'yan kwanaki sai su koma ruwan ƙasa, su dunƙule su kwanta a gindin kwalba. Me zan yi?

Amsa: Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, domin tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, nake fatan ganin yaran wannan yanki sun shiga irin wannan bincike. Matsala biyu ce ta haɗu maka: iska tana cin ƙwayoyinka, kuma ba su da rufi.

Mu fara da launi. Abin da kake haɗawa shi ne magnetayit, Fe3O4, ta hanyar da masanin Faransa René Massart ya bayyana a 1981. A cikinsa akwai ƙarfe iri biyu, Fe3+ kashi 2 da Fe2+ kashi 1. Shi Fe2+ ba ya jure iskar oksijin. Da zarar ta same shi sai ya rikiɗe, baƙin ya koma ruwan ƙasa, wato maghemayit. Don haka duba kwalbar feros salfet ɗinka tun kafin ka auna. Mai kyau kore-kore ne mai haske. In ka ga ya yi rawaya-rawaya, iska ta riga ta shige shi, kuma duk lissafinka zai tashi a banza. Ka auna giram 5.4 na ferik kulorayid mai ruwa shida da giram 2.78 na feros salfet mai ruwa bakwai, wannan ne zai ba ka 2 da 1 ɗin. Ka narka su a tataccen ruwa na ɗakin gwaji, ba na rijiya ko na leda ba. In akwai iskar naitirojin ka busa ta cikin ruwan. In babu, ka tafasa shi sosai ka bar shi ya huce a rufe, domin tafasa tana korar mafi yawan oksijin. Ka kai zafi digiri 70 zuwa 80, kana juyawa da ƙarfi, sannan ka zuba amoniya a tashi ɗaya har ma'aunin pH ya kai 10 ko 11. Amoniya tana ƙona ido da huhu, sai a ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi, da tabarau da safar hannu.

Dunƙulewar ce babbar magana, kuma a nan nake so ka tsaya ka natsu. Ƙwaya ɗaya ba ta wuce nanomita 10 zuwa 15 ba, alhali kaurin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000. A wannan ƙanƙanta, ƙasa da nanomita 20, ƙwayar tana bin maganaɗisu in an kawo shi kusa, ta saki da zarar an ɗauke. Wannan hali ne ya sa likitoci ke sonta. Sai dai ƙwayar da ba ta da rufi kusan ba ta da cajin da zai sa ta ture 'yar'uwarta idan pH ya kusa 7, kuma na jinin mutum 7.4 ne. Ga kuma gishirin jini da ke ƙara danne ɗan cajin da ya rage. Abin da ka gani a gindin kwalba shi zai faru a cikin jijiya, kuma ƙananan hanyoyin jini faɗinsu maikiromita 5 zuwa 10 ne kacal. Dunƙule ɗaya ya isa ya toshe su. Jikin mara lafiya da rufin yake fara haɗuwa kafin ƙarfen, shi ya sa duk magungunan irin wannan da suka isa asibiti rufaffu ne: Feridex da Amurka ta amince da shi a 1996 don hoton MRI na hanta an rufe shi da destiran, wani nau'in sukari mai dogon zare, Feraheme na 2009, na masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙasa, shi ma rufin dangin sukari ne.

Kai kuwa kana da abin rufi a kusa da kai, wato ƙaro. Masana sun gwada shi a kan irin waɗannan ƙwayoyi kuma yana kamawa. Ka nemi ƙaron dakwara mai haske, irin wanda ake kawowa daga Jigawa da Yobe, ka saya da yawa lokaci guda don kada kowane gwaji ya zo da ƙaro daban. Ka tsince ɓawo da yashi, ka jiƙa giram 1 a mililita 50 na ruwa ya kwana, ka tace. Lokacin zubawa shi ne sirrin: ko tare da gishirin ƙarfen tun farko, ko nan take bayan amoniya, ana ci gaba da juyawa minti 30 zuwa awa ɗaya. Mai tuƙa tuwo ta san gudaji tun wajen zuba gari ake hana shi, in ya riga ya kama sai dai haƙuri. Kada kuma ka busar da ƙwayoyin a tanda sannan ka ce za ka rufe su. Ka wanke su da ruwa har warin amoniya ya tafi, ka ajiye mafi yawansu a cikin ruwa, a cikakkiyar kwalba mai murfi, cikin firij. Kaɗan kawai za ka busar don gwaje-gwajen da ke buƙatar gari.

Kafin ka kashe ko kwabo a kan manyan na'urori, yi gwajin da ba ya cin kuɗi. Samo ruwan gishiri na ƙarin ruwa, mai kashi 0.9 cikin 100, ka zuba a kwalabe biyu, ɗaya ka ɗiga mai rufi, ɗaya marar rufi. Ka ɗauki hotonsu bayan awa 1, awa 24 da mako guda. Marar rufi zai kwanta, ruwan sama ya washe. Mai rufin kirki zai zauna kamar baƙin shayi. Sai ka kara maganaɗisu mai ƙarfi, irin na cikin tsohon faifan ajiyar kwamfuta, a jikin kwalbar. In ka cire ka girgiza, ya kamata su watse sarai. Samfurin da ya faɗi wannan gwaji bai cancanci kuɗin mota zuwa ko'ina ba.

Wanda ya tsallake shi za ka kai gwajin XRD, kamar a ɗakin binciken ma'adinai na ƙasa da ke Kaduna. Ka nemi babban tsini a wajen digiri 35.5, da ƙanana a 30.1, 43.1, 57 da 62.6. Amma ka sani magnetayit da maghemayit kusan hoto ɗaya suke bayarwa, don haka kada ka rantse da XRD shi kaɗai. Gwajin FTIR zai nuna alamar ƙarfe da oksijin a wajen cm⁻¹ 580, tare da alamomin ƙaro in ya kama. In ka samu inda ake auna cajin zeta, 30 milibolt, sama ko ƙasa da sifili, alama ce mai kyau. Ƙarfin maganaɗisun zai gaza emu/g 92 na babban gutsuren magnetayit, kuma rufi zai ƙara rage shi. Wannan ba aibu ba ne.

Gwajin jini sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ma'aikacin lafiya ne zai ɗebi jinin. Ana haɗa jajayen ƙwayoyin jini da samfurin a digiri 37, a duba nawa suka fashe. Fiye da kashi 5 cikin 100 faɗuwa ce. Ka tabbata ka janye ƙarfen gaba ɗaya kafin ka karanta launin a nanomita 540, in ba haka ba duhunsa zai ba ka lambar ƙarya.

Ina roƙonka da abu guda: kada ka rubuta cewa ka samo maganin cutar kansa. Ko Feraheme, da duk gwajin da ya sha, sai da hukumar magunguna ta Amurka ta ɗora masa gargaɗi mafi tsanani a 2015 saboda wasu jikinsu ya ƙi shi har aka rasa rayuka. Shi ma ƙaro, an yi ƙarin ruwa da shi ga sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya aka daina, domin an ga yana taruwa a hanta. Saboda haka abin da ka haɗa ba na allura ba ne, ko ga dabba, sai da izini da kulawar ƙwararru. Ka gwada ƙaro giram 0.5, da 1, da 2, ka rubuta wanne ya fi daɗewa a ruwan gishiri bai kwanta ba, sannan ka kai wa malaminka hotunan kafin ku yanke wanda za a tura Kaduna. Allah ya ba da sa'a.