Idan "sai haƙuri" ya rufe ciwo

Wata dattijuwa daga wani ƙauye a Doguwa ta zo wurina, jikarta na riƙe da hannunta. Ta daɗe tana yawon neman maganin ciwon ƙirji, an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Na ce, "Iya, idan ranki ya ɓaci, me kike yi?" Ta ce, "Ɗan nan, ai sai haƙuri."

Mu masu nazarin halayyar ɗan Adam muna da wani ma'auni, DERS, wanda Kim Gratz da Lizabeth Roemer suka fitar a Amurka a 2004. Jimloli 36 ne, mutum ya ba kowace maki daga 1 zuwa 5, gwargwadon yadda abin ke yawan samunsa. Abin da yake bibiya shi ne abin da ke biyo bayan ɓacin rai: ko mutum yana lura da abin da ke ransa har ya iya kiran sunansa, ko yana tsarguwa don ya ji shi, ko hannu da baki suna kuɓuce masa, ko aiki yana tsayawa cak, ko yana da dabarar sanyaya zuciyarsa.

Sai dai da Turanci aka tsara shi, don mutanen da suka saba buɗe ciki ga baƙo. Mu kuwa da kunya da kawaici aka rene mu. Da na miƙa mata tambayoyin yadda suke, da makinta ya fito lafiya lau, na sallame ta da ciwonta.

Sai na roƙi jikar ta jira a waje, na bi kalmomin Iya da kanta: zuciya na tafasa, ƙirji kamar an ɗora dutse. Ashe ɗanta ne ya rasu. Kullum dare tana kuka a ɓoye, da safe ta hau zargin kanta da rashin tawakkali. Wannan zargin, na tabbata, ya fi kukan cin ta, kuma shi ne ɓangaren da ma'aunin ke kira ƙin karɓar abin da ke rai.

Maki mai yawa ba ya nufin hauka. Yana nuna mana inda za mu fara taimako. Jama'ar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, idan wani naku ya daina barci ko cin abinci bayan wani rashi, ku kai shi babban asibiti mafi kusa, ku nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau. In an shiga ganin likita, ku ba shi wuri ya yi magana shi kaɗai.