Ɗan Karta da Doguwar Hasara: Wane Haƙuri ne Ya Wajaba a Kansa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai raba arziki tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa yana magana ne a kan mutumin da ya mayar da cacar karta sana'arsa, musamman irin wadda ake kira poka, sa'an nan ya shiga kwanakin hasara masu tsawo, wata da watanni ba ya ci sai dai a ci shi. Dā wannan wasa yana can nesa, amma yanzu salula ta kawo shi cikin aljihun samarinmu, har wani yana kiransa aikinsa. To, idan hasara ta daɗe a kansa, me ya kamata ya yi?

Asalin wasan da yadda yake tafiya

Poka wasa ne da ya yaɗu a ƙasar Amurka cikin ƙarni na 19, a jiragen ruwan kogin Misisipi. Ana yinsa da karta 52. A nau'in da ya fi shahara, kowane ɗan wasa yana riƙe da karta 2 a ɓoye, a buɗe 5 a tsakiya, kowa ya zuba kuɗi gwargwadon zatonsa. Tun shekarar 1970 ake yin babbar gasarsa ta duniya a birnin Las Begas. A 2003 wani mai aikin lissafin kuɗi, Chris Moneymaker, ya sami shiga gasar ta hanyar intanet, ya ci dalar Amurka miliyan 2.5. Labarinsa ya ja samari masu yawa suka ajiye karatu da aiki, kowa yana ganin shi ne na gaba.

Masu wannan sana'a da kansu suna faɗin cewa doguwar hasara ba makawa ce. Lissafi ma ya tabbatar. Wanda ya riƙe as biyu, wato hannun da ya fi kowane ƙarfi a farkon wasa, idan ya kara da mai riƙe da ƙananan tagwaye, za a ci shi kusan sau 1 cikin 5. A manyan gasa kuwa, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na waɗanda suka shiga ne kawai ke komawa da wani abu. Ga kuma mai gidan caca yana yankar ladarsa daga kuɗin da aka tara a tsakiya. Idan mutum goma suka zauna kowa da jikka 10, kafin asuba abin da ya rage tsakaninsu bai kai jikka 100 ba, ko da wa ya ci. Babu buhun hatsi da aka noma a wurin nan, babu ƙyalle da aka saƙa. Kuɗi ne ke fita daga wannan aljihu zuwa wancan, yana raguwa a hanya.

Shawarar da suke ba junansu

Idan hasara ta tsananta, manyansu sukan ce wa ƙananansu: ka ware jarin wasa daban, ka koma teburin ƙananan kuɗi, ka huta kwana biyu, kada fushi ya ɗebe ka, ka yi haƙuri, lissafi zai dawo wajenka. Ku lura, ƴan'uwa, duk waɗannan shawarwari manufarsu ɗaya ce: kada mutum ya tashi daga teburin.

Ku dubi Stu Ungar, wanda ake lissafawa cikin mafi gwanintar da aka taɓa gani. Ya ci babbar gasar sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, kyautar ta ƙarshe dala miliyan 1. A watan Nuwamba na 1998 aka tarar da gawarsa a ɗakin wani ƙaramin masauki a Las Begas, yana da shekara 45, bai bar wata dukiya ba. Abin da ya ci a karta, cacar wasanni da ta dawaki da miyagun ƙwayoyi suka cinye. Gwaninta ta ba shi kuɗi, amma ba ta ba shi ikon riƙe kansa ba, domin ƙofar caca idan ta buɗe, ba ita kaɗai take buɗewa ba.

Hukuncin shari'a

Allah Maɗaukaki ya ambaci caca, da sunan maisir, a Suratul Baƙara aya ta 219, inda ya bayyana cewa laifinta ya rinjayi amfaninta. Sa'an nan ya yanke hukunci a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91: ya haɗa ta da giya da gumaka, ya yi umurni da nisantarta, ya kuma faɗi illolinta, wato ƙiyayya tsakanin mutane da shagaltarwa daga ambatonsa da salla.

Yana da kyau mu san irin cacar da Larabawa suke yi lokacin da ayoyin suka sauka. Sukan sayi raƙumi bashi, su yanka, su zuba kibau 10 cikin jaka. Bakwai suna da rabo, daga kashi 1 har zuwa 7, uku kuma ba su da komai. Waɗanda kibau marasa rabo suka faɗa wa su ne za su biya kuɗin raƙumin. Naman kuwa galibi matalauta ake raba wa. Duk da wannan alheri na zahiri, Allah ya haramta. To ina ga wadda ba miskinin da ke cin komai cikinta?

Wani zai ce: poka ilimi ce da dabara, ba sa'a kaɗai ba. Amsa ita ce, malamai ba su rataya hukuncin ga rashin dabara ba. Duk wasan da kowane ɓangare ya zuba dukiya, a kan cewa wanda ya yi rinjaye zai kwashe ta abokinsa, caca ce. Dara ta shaɗaranji dabara ce tsantsa, amma malamai sun haɗu a kan haramcinta idan aka sa kuɗi, kuma Ibn Abi Zaid a cikin Risala ya hana ta ko babu kuɗin. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca da baki kawai an umurce shi da yin sadaka.

Haƙuri iri uku

Malamai sun kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan biyayya, haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan masifa. Manomin da fari ya ƙone masa gero, da ɗan kasuwar da gobara ta ci rumfarsa, nasu haƙurin masifa ne. Su jure, su sake shuka, su sake kasa kaya, suna da lada. Shaiɗan yakan ɗauki wannan riga ya sa wa ɗan caca, ya ce masa: kai ma jarrabawa ce, ka jure. Alhali haƙurin da ke kansa shi ne na biyu, wato ya daure ya bari. Cigaba da zama a teburin sunansa dogewa a kan zunubi, komai sanyin zuciyar mai yinsa.

Mafi haɗarin lokaci shi ne sa'ad da zuciya ta ce: bari in fanshe abin da na rasa, sa'an nan in tuba. Likitocin ƙwaƙwalwa suna lissafa wannan bin bayan hasara cikin manyan alamomin cutar caca, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan jaraba, a kundinta da aka amince da shi a 2019. Karta ba ta tuna wanda ta cuta jiya, balle ta rama masa yau. Garin neman gira ake rasa ido: yau jari, gobe babur, jibi kayan ɗakin uwargida. Kuma da zai ci ɗin, ba zai bari ba, domin cin ne ya ɗaure shi tun farko. Saboda haka doguwar hasara, duk da ɗacinta, tana iya zama rahama, domin a cikinta ne idon mutum ke buɗewa.

Hanyar fita

Na farko, ya tuba yau, da sharuɗɗan tuba: bari nan take, nadama, da ƙudurin rashin komawa. Ya ƙidaya abin da ya rasa a matsayin abin da ya tafi har abada.

Na biyu, ya toshe hanya. Ya rufe asusun wasan, ya goge shi daga salularsa, ya bar majalisar abokan karta. Ya danƙa kuɗinsa na ɗan lokaci ga amintacce, mahaifi ko wa ko matarsa.

Na uku, ya rubuta basussukansa duka. Abin da abokin wasa ke binsa domin ya ci shi a karta, shari'a ba ta san da shi ba. Amma rancen da ya karɓa wurin maƙwabci ko ɗan'uwa, da amanar da ya taɓa, wajibi ne ya biya ko da kaɗan-kaɗan, ya je ya faɗi gaskiya ya nemi jinkiri. Abin da ya rage a hannunsa na cin caca, ya mayar wa masu shi idan ya san su. Idan bai sani ba, ya fitar da shi ga mabukata.

Na huɗu, ya kama sana'a, komai ƙanƙantarta. Wanda ya saba ganin jikka ɗari tana shiga tana fita a dare ɗaya, ribar dala ashirin za ta yi masa wuyar haɗiya da farko. A nan ne haƙurinsa na gaskiya yake. Allah ya yi wa mai tsoronsa alkawarin mafita da arziki a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 2 da 3.

Na biyar, kada ya yanke ƙauna. Idan barci ya ƙaurace masa, ko zuciya ta fara raya masa halaka kansa, ya gaya wa wani a ranar, a kai shi ga likita. Neman magani ba ya warware tawakkali, kuma rai ya fi kowane bashi tsada.

Ku kuma iyaye da dangi, idan ɗayanku ya zo da wannan magana, kada ku tona masa asiri a unguwa, kada kuma ku miƙa masa tsabar kuɗi a hannu. Ku biya mai bin bashi kai tsaye idan kuna da hali, ku ciyar da iyalinsa, ku ja shi sahun salla, ku nema masa wurin aiki.

Allah ya wadata mu da halal ga barin haram, ya shiryi samarinmu, ya yaye wa mai bashi bashinsa. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.