Yadda Ake Zaɓen Jirgin Kamun Wolai a Tafkuna da Kogunan Amurka da Kanada

Wolai kifi ne na ruwan daɗi da ake samu a jihohin arewacin Amurka da kuma Kanada, jikinsa ruwan zinariya, idanunsa manya masu ƙyalli kamar na kyanwa cikin dare. Jihar Minesota ta ɗauke shi kifinta na alfarma tun 1965, kuma ranar buɗe kamunsa a tsakiyar watan Mayu tamkar ranar biki ce a can. A bayan idon nan nasa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ya sa yake gani cikin duhu fiye da ƙananan kifayen da yake ci. Da asuba yake farauta, da almuru, da ranar hadari, da kuma lokacin da iska ta dama saman ruwa. Lokacin da masu yawon shan iska ke komawa gaɓa, lokacin ne mai neman wolai yake fita. Duk wanda zai sayi jirgi don wannan kifi, ya sani jirgin ranar iska zai saya, wanda kuma zai iya tafiya sannu-sannu ba tare da ya ƙwace wa mai shi ba.

Kafin a je wurin dillali, sai mutum ya zauna ya tambayi kansa ruwan da zai fi shiga. Ba ruwan da yake mafarkin zuwa sau ɗaya a shekara ba, a'a, wanda zai riƙa zuwa kowace Asabar. Tafkin Iri, ɓangarensa na yamma, wanda ke tsakanin Ohayo da Mishigan da Ontariyo, bai da zurfi, ƙafa talatin ko ƙasa da haka a yawancin wurare, kuma ruwa mara zurfi igiyoyinsa gajeru ne masu tsini, suna zuwa a jere babu hutu. Haka tafkin Mil Laks na Minesota yake: faɗi ga shi nan, zurfi kuwa bai wuce ƙafa arba'in da 'yan kai ba. Wanda zai riƙa shiga irin waɗannan, jirgi mai tsawon ƙafa 18 zuwa 19 ya kamata ya nema, mai dogayen gefuna. Mai zuwa ƙananan tafkuna da koguna kuwa, ƙafa 16 da rabi zuwa 17 ta ishe shi, har ma ta fi masa, domin mashigar jiragen ƙananan tafkuna sau da yawa tsakuwa ce kawai da ɗan gangare, babban jirgi ba ya sauka a nan cikin daɗi. Matsakaicin da ke haɗa biyun shi ne ƙafa 17 da rabi zuwa 18.

Daga nan sai salon kamu, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Akwai masu ja: su saki fatsa da yawa a bayan jirgi, su yi ta tafiya da gudun mil ɗaya zuwa biyu da ɗan kai a awa. Wannan aikin babban ruwa ne, yana son fili a bayan jirgi, da mariƙan sandunan fatsa, da gilashin tare iska daga wannan gefe zuwa wancan. Dokar jiha ma tana da ta cewa. Mishigan ta yarda mutum ɗaya ya saki layi uku, amma a yawancin ruwan cikin Minesota layi ɗaya ne ga mutum idan ba lokacin ƙanƙara ba. Ashe mai kamu a Minesota ba ya bukatar jirgin da aka jera wa mariƙai goma.

Akwai kuma masu tsayawa a kan kifi, su saukar da ƙugiya mai kan dalma da aka maƙala wa ƙaramin kifi ko tana ko matsattsaku, suna ɗagawa suna saukewa. A kogin Ditroit cikin watan Afrilu, da kogin Reni na kan iyakar Minesota da Ontariyo, gwanintar ita ce jirgi ya tafi daidai da gudun ruwa don layi ya tsaya cak a miƙe. Iska kuwa ba ta bari. Dogon gilashi da dogayen gefuna, waɗanda suke ceto a tafkin Iri, su ne iska ke kamawa ta juya jirgi a kogi. Shi ya sa tsofaffin masu jagorantar baƙi a Minesota da yawa ba sa son sitiyari sam. Suna zama a baya su riƙe hannun inji, su sa giyar baya, su tura bayan jirgin cikin igiya. Bayan jirgi shafaffe ne, yana rage gudu, kuma jirgin yana juyawa nan take ya bi bakin dutse ko gefen ciyawar ƙarƙashin ruwa. Jirgi mai hannu ya fi araha, ya fi fili a ciki. Amma a yi gaskiya: da sanyin Mayu, mil biyar cikin feshin ruwa babu gilashi, mai gida zai jure, iyali ba za su sake biyo shi ba. Wanda zai riƙa ɗaukar mata da yara, gilashi ya fi masa, ko da zai ɗan sha wuya a kogi.

Sai jikin jirgi. Ƙasansa ya kasance mai zurfin tsini a gaba, wanda ke yanka igiya maimakon ya mare ta. Shafaffen jirgi na fadama ne da ruwan kwance. Tsakanin alminiyam da faiba kuwa, ga matsakaicin jirgi ni alminiyam nake gani. Ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, kuma idan ya gogi dutse lotsawa yake yi, abin da ba makawa a tafkin Wuds mai tsibirai sama da 14,000. Faiba, irin na kamfanin Ranger, ya fi nauyi, ya fi lafiyar tafiya cikin igiya, iska ba ta ture shi da sauri, amma yana son babbar mota da babban aljihu. Gardamar ƙusa da walda ba ta ƙarewa a shagunan kayan su: Lund, wanda aka kafa a 1948 a Minesota, da ƙusoshin ribiti yake haɗa jiragensa na alminiyam, Crestliner kuma walda yake yi. Dukansu suna kai shekaru masu yawa idan an kula da su, kada wannan ya hana kowa barci.

A jikin irin wannan jirgi, idan bai kai ƙafa 20 ba, dokar tarayyar Amurka ta sa a manna wani faranti mai nuna iyakar mutane, da nauyi, da ƙarfin injin da zai ɗauka. A karanta shi kafin a dubi fenti. Dillalai kan saka ƙaramin inji don farashi ya yi kyau a talla, sai an ɗora mutum uku da batura da mai a ga jirgi yana ɗaga hanci ya kasa miƙewa. Gara a matsa kusa da iyakar da farantin ya faɗa; ga jirgin ƙafa 17 zuwa 18, doki 115 zuwa 150 aka fi gani.

Babban injin nan kai mutum wurin kifi kawai yake yi. Kamun kansa ƙananan injuna ke yin sa, kuma a nan ya kamata a ware kuɗi tun farko. Mai ja a babban ruwa yana son ɗan inji mai doki 9.9 a gefen babban, wanda zai yi ta tafiya a hankali yini guda, ya kuma dawo da shi gida ran da babban ya ƙi tashi. A hancin jirgi kuma sai injin lantarki, irin na Minn Kota, kamfanin da ya faro a garin Fago a 1934. Na zamani suna aiki da tauraron ɗan'adam, a danna maɓalli su riƙe jirgi wuri ɗaya ba tare da an jefa anga ba. Ga matsakaicin jirgi a nemi mai batir biyu, bolt 24, mai dogon wuya kamar inci 60, don kada farfela ta riƙa fitowa daga ruwa duk lokacin da igiya ta ɗaga hanci. A leƙa ma a ga ko akwai wurin ajiye baturan, da tankin ruwan da ake zuba kifi da ransa, da akwatin da zai ɗauki sandar fatsa mai ƙafa bakwai ko takwas.

Abin da ake mantawa shi ne gida. Jirgin ƙafa 18 a kan tirela, da inji a rataye, ya haura ƙafa 20, gareji da yawa ba sa ɗauka sai tirelar tana da wuya mai naɗewa. A auna gareji da tef, a duba littafin mota a ga nauyin da aka yarda ta ja, a lissafa har da mai da batura.

Idan wanda aka riga aka yi amfani da shi za a saya, kuma a nan rabon mai ƙaramin ƙarfi yake, sai a taka daben ko'ina a ji ko yana lotsawa, a kama ƙafar inji a jijjiga a ga ko bangon baya yana motsi, domin tsofaffin jirage da yawa katako ne a ciki, ruwa kan ruɓar da shi. Makanike ya auna matsin kowace silinda. A gwada lambar jikin jirgi mai haruffa da alƙaluma 12 da wadda ke takarda. Sannan a nemi gwaji a ruwa ranar da ake iska, a sa rigar ceto, a maƙala igiyar kashe inji a jiki, wadda dokar tarayya ta wajabta tun Afrilun 2021. A kashe inji a tsakiyar ruwa a ga yadda jirgin ke kwanciya wa iska, mutum biyu su koma gefe guda kamar za su ɗebo kifi da koma. Bayan an fito, a cire toshiyar baya a ga yawan ruwan da zai zubo. A Minesota ma dole ne toshiyar ta zauna a cire muddin jirgi yana kan hanya, don kada a kwashi wasu ƙananan kumba masu zane, da suka shigo manyan tafkuna a ƙarshen shekarun 1980, daga wannan ruwa zuwa wancan.