Idan Magani Ya Taɓa Ido: Alamomin Da Ba A Jira Da Su

'Yan uwa, ku dubi idonku a madubi. A inda fari ya haɗu da baƙi akwai wani siririn zobe. A nan ne uwayen ƙwayoyin halitta suke zaune, aikinsu shi ne sabunta fatar gaban ido domin ta zauna garau kamar gilashi. Idan suka mutu, farin ido da jijiyoyin jini sai su mamaye wurin, gani ya dusashe.

Me ke kashe su? Ban da ƙuna da sinadari, wani lokaci maganin asibiti ne. Akwai cutar Stevens-Johnson, wadda likitoci biyu na Amurka suka bayyana a 1922. Jiki ne ke ƙin wani magani, kamar Septrin, Fansidar, nevirapine, ko wasu magungunan farfaɗiya. Yawanci tana tasowa cikin makonni takwas na farko da fara shan maganin.

Ga alamomin:
1. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro.
2. Gyambo a baki da leɓe.
3. Ƙuraje da saluɓewar fata.
4. Jan ido, kwantsa da ƙin haske.

Idan kun ga haka, ku dakatar da maganin, ku zo asibiti a ranar, tare da kwalinsa. Mutanen Argungu da ƙauyukanta kada ku jira ranar kasuwa, ku nemi takardar turawa zuwa Birnin Kebbi. Ku roƙi likitan ido ya duba mara lafiya tun ranar farko, domin a kan shagala da fata a manta da ido. A manyan cibiyoyi ana rufe idon da tantanin mabiyiya cikin kwanakin farko don ceton zoben nan. Tun 1989 ake dashen waɗannan ƙwayoyi daga lafiyayyen ido, amma wannan cuta idanu biyu take kamawa.

Kada a sa nono, tozali ko maganin kemis a idon.

Masu juna biyu, cutar ba ta da yawa, kada tsoro ya hana ku shan Fansidar a wurin awo, domin zazzaɓin cizon sauro ya fi kusa da ku. Amma wadda magani ya taɓa yi wa ƙuraje, ko take shan Septrin kullum, ta faɗa wa ungozoma kafin a ba ta.

Allah Ya ƙara mana lafiya.