CIWON SAMMORE DA IRIN AWAKIN DA SUKE JURE MASA

Sammore ciwo ne na jini wanda ƙudan tsando yake yaɗawa. An fi saninsa a jikin shanu, amma yana kama awaki da tumaki ma. Masu kiwo da fataken dabbobi da yawa sun yi hasarar jarinsu saboda sun kai akuyar arewa ƙasar tsando, suna zaton akuya duk akuya ce. Ga wannan ciwo kuwa akwai bambanci babba tsakanin iri da iri.

YADDA CIWON YAKE KAMA DABBA

Waɗansu ƙwayoyin cuta ne suke kawo shi, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Tsando yakan tsotso su daga jinin dabbar da ta kamu, ko ta gida ko ta dawa, sa'an nan ya zuba su cikin jinin mai lafiya. Ƙudan ya fi yawa a kurmi da bakin rafi da daji mai duhuwa.

Bayan mako ɗaya zuwa uku sai zazzaɓi ya fara, yana zuwa yana tafiya. Jini ya riƙa raguwa, akuya ta rame ko da tana cin abinci, gashinta ya tashi, kaluluwa ta kumbura. Mai ciki takan yi ɓari, mai shayarwa kuwa nononta ya ragu. Idan aka ja fatar idonta ta ƙasa aka ga wurin ya yi fari maimakon ja, to, jini ya yi ƙaranci ƙwarai.

BAMBANCIN IRI

Manyan ire-iren awakin Nijeriya uku ne. Akwai doguwar akuyar Sahel ta can ƙuryar arewa. Akwai jar akuyar Sakkwato, wadda ake kira ta Maraɗi a Nijar, wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya. Sa'an nan akwai gajerar akuyar kudu, mai gajerun ƙafafu, wadda tsayinta bai cika wuce santimita 50 ba.

Biyun farko sun tashi ne a busasshiyar ƙasa inda tsando ba shi da yawa, saboda haka jikinsu bai saba da ciwon ba. Gajerar kuwa kaka da kakanninta cikin tsando suka rayu. Masu rauni suka mutu, masu ƙarfi suka hayayyafa, har juriya ta zama gado. Haka abin yake ga shanun Muturu da na Ndama.

A gwaje-gwajen da masana suka yi, inda aka sa wa jar akuya da gajera ƙwayar cuta iri ɗaya, an ga ƙwayoyin sun fi yawaita cikin jinin jar, jininta ya fi saurin raguwa, mutuwa kuma ta fi yawa a cikin irinta. Gajerar ita ma takan kamu, amma jikinta yakan danne ƙwayoyin, ta ci gaba da kiwo da haihuwa.

JURIYA TANA DA IYAKA

Kada mai kiwo ya ɗauka cewa sammore ba ya iya kayar da gajerar akuya. Yunwa, da tsutsar ciki, da nauyin ciki ko shayarwa, da cizon tsando mai yawa, duk suna karya juriyarta. Har ila yau tana iya ɗauke da cutar a jininta ba tare da alama ba, ƙuda ya kwasa ya kai wa baƙuwar akuya.

Barbara ma abin lura ce. Mutane sukan haɗa gajera da bunsurun arewa domin su sami 'ya'ya manya. Girman yakan samu, amma juriyar takan ragu. In aka yi ta yin haka ba tsari, sai garke ya rasa abin da yake kare shi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. Wanda zai kafa garke a ƙasar tsando ya sa gajerar akuya ta zama tushen garkensa, ya kuma ajiye bunsuru na asalin irin.

2. Falken da ya kai awakin arewa kudu don yanka ya sayar da su da wuri. Idan za su daɗe, ya nemi malamin dabbobi ya yi musu allurar kariya.

3. A guji ɗaure awaki a bakin rafi mai duhuwa.

4. A ba su isasshen abinci da rani, a kuma ba su maganin tsutsa a kan kari.

5. Akuyar da take ramewa a kai ta asibitin dabbobi a gwada jininta, gama tsutsar ciki ma tana rage jini.

6. Magungunan sammore, irin su Berenil da Samorin, gwargwadon nauyin dabba ake ba da su. Rage awo ko amfani da jabu yana sa ƙwayoyin su daina jin magani.

Cibiyar Binciken Ciwon Sammore ta Nijeriya, wadda take Kaduna da reshe a Vom, ita ce take nazarin wannan cuta. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin kula da lafiyar dabbobi mafi kusa da shi kafin ya sayi iri.