Faifai Mai Haƙora Don Bin Taurari

Duk wanda ya taɓa leƙa wata ko Zara ta cikin madubin hangen nesa ya san ba sa tsayawa wuri ɗaya. Kafin ka kira abokinka ya zo ya gani, sun sulale. Dalili kuwa mun koya a aji: duniya tana juyawa, kuma idan aka auna da taurari takan gama zagaye ɗaya cikin awa 23 da minti 56 da sakan 4. Saboda haka akan ɗora madubin a kan sanda mai fuskantar Tauraron Arewa, a riƙa juya ta zuwa yamma. A Jos sandar za ta ɗaga kamar digiri 10 daga ƙasa, a Kano kuwa 12. Tun a 1824 Bajamushe Fraunhofer ya ƙera babban madubi wanda injin agogo ke juya shi haka.

Abin da ke ba da wannan tafiyar hawainiya shi ne faifai mai haƙora da sukurun da ke tura shi. Turawa suna kiran sukurun tsutsa. Mun san shi, gama shi ne a kunnen jita inda ake ɗaure tsirkiya. In sukuru ya juya sau ɗaya, faifai ya matsa da haƙori ɗaya tak. To, idan haƙora 360 ne, ƙaramin inji zai juya sukurun sau ɗaya a kusan kowane minti 4.

Na kanti yana da tsada, shi ya sa masu sha'awar taurari sukan yanka nasu a gida. Sai mu fara da lissafi. Ƙarfen da makanikai ke yanka zaren noti da shi, mai lamba M10, tazarar zarensa milimita 1.5 ce. Haƙora 360 sau 1.5 ya ba mu da'irar milimita 540, wato faifan alminiyum mai faɗin kusan milimita 172. A ɗaure ƙarfen a injin sassaƙa ƙarfe, a kafa faifan a kan ƙusa yadda zai juya sakayau amma ba girgiza, a matso da shi kaɗan kaɗan ana ɗiga mai. Ƙarfen yana yanka, yana kuma jan faifan da kansa.

A nan ne aikin yakan ɓaci. Idan faɗin ya kauce ko da kaɗan, haƙoran zagaye na biyu ba za su faɗa cikin na farko ba, sai su tattake juna. A ganinmu gara a raba bakin faifan 360 tukuna, a tsaga kowane wuri da zarto, ƙarfen ya bi sawu. Aiki ne mai gundura, amma ya fi asarar faifai. Bayan an gama a ƙirga haƙoran. In 359 suka fito kada a yar, a rage gudun injin kaɗan.

Saura gugawa. A shafa man da makanikai ke goge bawul da shi, a bar sukurun yana juya faifan awoyi da yawa har su saba da juna, sa'an nan a wanke sarai da kananzir. In sukurun ya ɗan karkace, za mu ga tauraro yana kai da komowa kowane minti 4. Laifin ba na haƙora ba ne, sukurun za a sāke daidaitawa.